Tafinta Tsakanin Kwamfuta da Kayanta: Matsayin Buɗaɗɗen Mafassari Wajen Ƙera Direbobi





Gabatarwa

Na san akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce, me ya haɗa malamin Hausa da zancen kwamfuta? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka da ita zan fara. Sana'ata ita ce nazarin harshe da fassara, kuma abin da ya jefa ni cikin wannan fage wata na'urar ɗaukar hoton takardu ce, wadda ake kira sikana. Na saye ta da ɗan guzurina lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, da nufin in na komo gida in riƙa ɗaukar hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ke hannun malamanmu, tun gara da ɗigar ruwa ba su gama da su ba. Ta yi mini aiki shekara huɗu ba ta taɓa ba ni wahala ba. Ran da na sake kwamfuta, sai ta ƙi motsi, alhali fitilarta tana kamawa, madubinta kuma garau. Na kai ta wurin mai gyara, ya jujjuya ta, ya ce, "Malam, ai lafiyarta ƙalau, direba ne babu. Kamfanin ya daina yi wa irinta." Har na jingine ta a bayan kabad, sai wani ɗalibi ya zo da tasa kwamfutar mai tsarin Linux, ya jona ta, kafin shayinmu ya huce ta kama aiki. Ashe waɗansu mutane da ban san su ba sun rubuta mata direba tuntuni, sun bar rubutun a fili ga duk mai bukata.

Tun daga ranar na shiga bincike, na kuwa tarar cewa al'amarin tun daga tushensa na harshe ne da fassara, watau gonar da na saba nomawa. Zan yi bayanin mene ne direba, da kayan aikin da ake ƙera shi da su, da tarihin yadda kayan suka zama na kowa da kowa, da batun amana, sa'an nan in ƙare da abin da ya shafe mu a wannan yanki.

Direba: tafintan na'ura

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san darajar mai jin harshe biyu. Ga Bafillace ya kawo shanu, ga Buzu da raƙumansa, ga Bamange, ga ɗan kasuwa daga kurmi, wani yana lissafi da naira wani da sefa, amma ciniki yana faɗawa, domin akwai dillalin da ke tsaye a tsakani yana juya maganar wannan ga wancan. In dillalin ya yi fashi, mai kaya da mai kuɗi suna iya wuni suna kallon juna.

Haka al'amarin yake a cikin kwamfuta. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux ko Android, kuma a tsakiyar wannan manhaja akwai wani sashe da zan kira cibiya, wanda shi ne mai iko da ƙwaƙwalwa da ma'ajiya da duk abin da ya shigo ko ya fita. A kewayen cibiya kuma akwai kayayyaki iri-iri: kibod, da firinta, da sikana, da kyamara, da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Kowanne daga cikinsu kamfani dabam ya ƙera shi, kowanne da irin umurnin da yake ji. Ƙaramar manhajar da ke tsayawa tsakanin cibiya da kowane kaya, tana juya umurnin wannan zuwa abin da wancan zai gane, ita masu gyara ke kira direba. A ganina tafinta ya fi dacewa da ita, amma tun da bakin jama'a ya riga ya kama direba, malamin harshe ba shi da ikon ƙwace kalma daga bakin masu ita.

Bari in ba da misali da abin da ya shafi rubutunmu. In mutum ya danna harafin k a kibod mai wayar USB, kibod ɗin bai san wani harafi ba, lamba 14 kawai yake aikawa, watau lambar gurbin da aka danna. Direba ne ke karɓar lambar ya miƙa wa cibiya. Daga nan wani jadawali ya duba ya ga wane harafi aka ajiye a wannan gurbi, in kuma an haɗa da wani maɓalli ya ba da ƙ mai lanƙwasa, wadda lambarta a tsarin Unicode 409 ce. Kafin harafin ya hau takarda kuma sai direban firinta ya mayar da shi ɗigo-ɗigon tawada. Manyanmu da suka yi aikin ofis da tafireta suna tuna yadda akan buga takarda, sa'an nan a bi ta da alƙalami ana yi wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya. A yau akwai jadawalin Hausa cikin jadawalan kibod da ke zuwa da Linux, kuma kowa yana iya buɗe shi ya gyara.

Yaya cibiya ke sanin direban da za ta kira? Duk kayan da aka jona ta USB yakan fara faɗin lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera shi da ta irin samfurinsa, kamar yadda baƙo kan faɗa wa mai unguwa sunansa da garinsu. Cibiya sai ta duba cikin direbobinta ta ga wane ne ya ce ya san mai waɗannan lambobi. In babu, baƙo ya kwana a waje. Abin da ya sami sikanata ke nan.

Wani abin lura shi ne yawancin direbobi a cikin cibiya suke aiki, watau a cikin fada, inda babu mai tsare su. In manhajar rubuta wasiƙa ta yi kuskure, ita kaɗai za ta rufe. In direba ya yi kuskure, kwamfutar duka takan faɗi. Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024, sa'ad da kamfanin CrowdStrike ya aika da wani gyara mai aibi ga manhajarsa ta tsaro, wadda ke da direba a cikin cibiyar Windows. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya, aka soke tashin jirage, aikin bankuna da asibitoci ya cije a ƙasashe da dama.

Mafassari da maƙerarsa

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci, lambobi kawai take ji, jerin 0 da 1. Masu aikin farko da lambobin suke rubuta umurni, aiki mai cin rai da yawan kuskure. Daga baya aka ƙago harsunan da mutum zai iya karantawa, aka kuma ƙago manhajar da za ta ɗauki rubutun ɗungurungum ta mayar da shi lambobi. Wannan manhaja ita ce kwamfaila a bakin masu sana'ar, ni kuwa zan kira ta mafassari. Grace Hopper ta yi aikin share fage a kai a 1952, kamfanin IBM ya fitar da mafassarin harshen Fortran a 1957, sa'an nan Dennis Ritchie ya ƙago harshen C wajen 1972 a Amurka. Da harshen C aka sake rubuta cibiyar Unix a 1973, kuma har yau da shi ake rubuta mafi yawan direbobi.

Saboda haka kowane direba yana da siffa biyu. Akwai rubutun asali, wanda mutum ya rubuta kuma mutum zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma fassararren kwafi, wanda na'ura kaɗai ke amfana da shi. Kamfani yana iya ba ka kwafin ya riƙe asalin, kamar a ba ka fassarar wasiƙa a hana ka ganin wasiƙar. Muddin kwafin yana aiki ba za ka ji komai ba, amma ran da cibiya ta sake, ba ka da abin da za ka sake fassarawa.

Mafassari ba ya aiki shi kaɗai. Akwai manhajar da ke shirya rubutun kafin a fassara, akwai mai mayar da fassarar zuwa ainihin lambobin ƙwaƙwalwa, akwai mai ɗinke gutsattsarin su zama abu guda, akwai mai bin sawun kuskure layi-layi, akwai kuma mai lura da jerin aikin don kada a yi na baya kafin na gaba. Waɗannan kaya a haɗe na ga ya dace a kira su maƙera, domin kamar uwar maƙera da masaba da awartaki da zugazugi suke, kowanne da aikinsa, kuma in babu ɗaya sauran sun tsaya. Kamancin bai tsaya nan ba. Maƙeri da awartaki yake ƙera sabon awartaki, haka kuma sabon mafassari da tsohon mafassari ake fassara shi. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Har ila yau, ƙwaƙwalen kwamfuta ba harshe ɗaya suke ji ba. Ta kwamfutar ofis, ƙirar Intel ko AMD, lambobinta dabam, ta wayar hannu, ƙirar ARM, nata dabam. Kyakkyawar maƙera tana ba mutum damar ya zauna a gaban kwamfutar ofis ya fassara direban da zai yi aiki a wayar hannu, ko a na'urar POS, ko a ɗan allon da ke sarrafa famfon rijiyar burtsatse. Kusan duk ƙananan na'urori ta wannan hanya ake yi musu manhaja, domin su kansu ba su da ƙarfin ɗaukar maƙera.

Yadda maƙera ta zama ta kowa

Abin sha'awa, tarihin buɗaɗɗiyar manhaja daga rigimar firinta ya faro. Wajen 1980, a ɗakin binciken jami'ar MIT ta Amurka, akwai wani masani mai suna Richard Stallman. Tsohuwar firintarsu takan cije da takarda, sai ya gyara manhajarta yadda za ta riƙa sanar da masu jira. Da aka kawo musu sabuwa ƙirar Xerox, ya nemi rubutun asali don ya yi mata irin wannan gyara, aka hana shi, domin wanda ke da rubutun ya sa hannu a yarjejeniyar ɓoye sirri. Wannan abu yana cikin dalilan da suka sa a watan Satumba na 1983 ya yi shelar shirin GNU, watau gina babbar manhaja wadda kowa zai sami 'yancin amfani da ita, da nazarinta, da gyara ta, da rarraba ta. Ya kuwa gane cewa ba a gina gidan kowa da kayan aikin aro, zanen aro ba ya rufe katara, don haka ya duƙufa kan mafassari. A watan Maris na 1987 aka fitar da GCC. A 1989 kuma aka fito da lasisin GPL, wanda sharaɗinsa shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba, tilas ya ba da rubutun asalin gyaran nasa.

Ranar 25 ga Agusta, 1991, wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta wata cibiya don sha'awa, kuma ya riga ya sa GCC ya yi aiki a kanta. Bayan kwana biyu, ranar 27 ga Agusta, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ashe ke nan Linux da jiharmu sa'o'in juna ne. Fitowar farko ta Linux layi wajen dubu 10 ce. A farkon 2025 rubutunta ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa direbobi ne. Ita ce cibiyar da ke cikin kowace waya mai Android da ke aljihunku a wannan zaure, kuma tun daga ƙarshen 2017 dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Da ba don ɗalibin nan ya sami maƙera a buɗe ba, wadda bai biya ko kwabo ba, da wuya aikin ya wuce ɗakin kwanansa.

Daidaitaccen harshe da karin harshe

A nan malamin Hausa zai ɗan saki jiki, don an shigo unguwarsu. Harshen C yana da daidaitacciyar ƙa'ida, wadda aka tsayar a Amurka a 1989, hukumar ƙa'idoji ta duniya ta karɓa a 1990, kamar dai yadda muke da Daidaitacciyar Hausa ta makaranta da jarida. Amma mai rubuta direba yana bukatar abubuwan da ƙa'idar ba ta tanada ba, alal misali ya cusa umurnin ƙwaƙwalwa kai tsaye a tsakiyar rubutu, ko ya tilasta a jera bayanai a ma'ajiya daidai yadda na'urar ke so. GCC ya tanadi hanyoyin yin haka, sai ya zamana an rubuta Linux da karin harshen GCC, kamar yadda Sakkwatanci da Kananci da Haɗejanci duk Hausa ne amma kowanne da abin da ya keɓanta da shi. Shekara da shekaru babu wani mafassari da ke iya fassara Linux yadda ya kamata sai shi.

A shekarar 2000 Chris Lattner da malaminsa Vikram Adve suka fara shirin LLVM a Jami'ar Ilinoi, daga cikinsa kuma mafassarin Clang ya fito a 2007, shi ma a buɗe. Sai da aka yi shekaru ana koya wa Clang karin harshen GCC, ana kuma gyara wuraren da rubutun Linux ya kauce wa ƙa'ida ba bisa dalili ba, kafin ya iya aikin. Kamfanin Google ya fitar da waya mai cibiyar da Clang ya fassara a 2017, kuma a yau da shi ake fassara cibiyar Android. Ribar da aka samu ta wuce samun zaɓi. Kowane mafassari yana da irin kurakuran da idonsa ke kamawa, saboda haka da aka bi rubutun da ido na biyu an tono aibobin da suka daɗe a kwance. Duk wanda ya taɓa ba mutum biyu takarda ɗaya su fassara ya san cewa inda suka saɓa, sau da yawa a nan asalin yake da rauni.

Haka kuma a watan Disamba na 2022 aka buɗe wa harshen Rust ƙofa a cikin Linux, musamman don rubuta sababbin direbobi. Dalili shi ne harshen C yana barin marubuci ya taɓa gurbin ma'ajiyar da ba nasa ba, kuma Microsoft ya bayyana a 2019 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake toshewa a kayansa daga irin wannan kuskure suke. Mafassarin Rust yakan ƙi fassara rubutun da ya ga alamar haka a cikinsa.

A ɓangaren Windows al'amarin ya sha bamban. Hanyar da aka saba ita ce a yi amfani da maƙerar Microsoft. Ana iya fassara direban Windows da buɗaɗɗun kaya irin su MinGW, kuma masu shirin ReactOS da GCC suke gina tasu manhajar mai kama da Windows, amma aiki ne na mai haƙuri. Bugu da ƙari, tun daga 2016 sabon direban da zai shiga cibiyar Windows sai ya sami hatimin Microsoft. Akwai hikima a ciki, domin yana rage miyagun direbobi, sai dai yana nufin ko ka ƙera tafintanka, a hannun wani izinin shigarsa fada yake.

Ita ma Linux tana da nata sharaɗin. Masu ita ba su yi alkawarin barin hanyoyin cikin cibiya yadda suke ba, suna sake su duk lokacin da suka ga dalili. Direban da aka shigar da rubutunsa cikin babban rubutun Linux, duk wanda ya sake wata hanya shi zai bi ya gyara shi, don haka yakan rayu ko bayan kamfanin da ya ƙera na'urar ya mutu. Wanda aka ɓoye asalinsa kuwa, ran da mai shi ya gaji, ya zama maraya. Don haka ne a 2007 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga cikin manyan masu kula da Linux, ya yi wa kamfanoni tayin rubuta musu direbobi kyauta in za su ba da bayanin na'urorinsu.

Batun amana

Kalmar tafinta kanta daga Turanci muka aro ta, a zamanin da Turawa suka ci ƙasar nan bayan faɗuwar Kano a 1903. Dattawa suna ba da labarin yadda talaka zai kai kuka gaban Joji, ya yi magana mai tsawo, tafinta ya faɗi abin da ya ga dama, a yanke hukunci a kan maganar da mai ƙara bai yi ba. Marubucin ƙasar Mali, Amadu Hampate Ba, ya wallafa littafi sukutum a 1973 a kan wani tafinta mai suna Wangrin da ya yi ta juya Faransawa da mutanensa. Ikon tafinta ya taso ne daga cewa babu na ukun da ke jin harsunan biyu.

Ken Thompson, abokin aikin Ritchie, ya nuna irin wannan haɗari a laccarsa ta karɓar lambar Turing, wadda aka buga a 1984. Ya bayyana yadda za a koya wa mafassari ha'inci, ya riƙa cusa ƙofar sata a cikin manhajar da yake fassarawa, sa'an nan a koya masa ya riƙa cusa wannan hali a cikin duk sabon mafassarin da aka ba shi ya fassara. Daga nan ko an goge ha'incin daga rubutun asali, zai ci gaba da bin zuriya, tun da da awartaki ake ƙera awartaki. Maganin da David Wheeler ya tabbatar a kundin digirinsa na 2009 alƙalanmu sun daɗe da saninsa: a kira tafinta na biyu wanda bai san na farko ba. In aka bi da rubutun mafassari ta hannun wani mafassari dabam, aka sake fassarawa, aka gwama sakamakon, ha'inci zai fito. Wannan gwaji ba ya yiwuwa sai rubutun asali yana hannu.

Kada a ɗauka cewa buɗe rubutu shi kaɗai ya isa tsaro. A watan Maris na 2024 aka gano ƙofar sata a cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xz, wadda wani ya yi shekara biyu yana neman yardar masu ita kafin ya dasa. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura kwamfutarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta kafin ta bazu. Darasin yana da fuska biyu: mugu yana iya shiga ta buɗaɗɗiyar ƙofa, amma mai ido ma yana da ikon shiga ya duba. Abin tambaya shi ne, mu muna da masu idon?

Abin da ya shafe mu

Jama'a, rayuwarmu ta riga ta rataya a kan waɗannan tafintoci. Tun 2014 asusun banki yake tafiya da zanen yatsa ta hanyar BVN. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum. A zaɓen 2023 da na'urar BVAS aka tantance masu jefa ƙuri'a. Albashin ma'aikaci yakan tsaya in na'urar tantancewa ta ƙi karanta yatsansa. Ga kuma wani abu da ke gabanmu: ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Duk wanda ya san ofisoshinmu ya san ɗakin nan da ake tara firintoci da sikanoni masu ƙura. Ina roƙon a bincika, nawa ne a cikinsu suka lalace da gaske, nawa ne kuma tafinta kawai suka rasa?

Ga ma'aikata, musamman masu sayen kaya da masu tantance kwangila, ina da shawara uku. Ta farko, kafin a sa hannu a tambayi ɗan kwangila ko na'urar tana aiki da babbar manhaja fiye da ɗaya, kuma ko direbanta yana cikin Linux. Ta biyu, a rubuta a cikin yarjejeniya shekara nawa kamfani zai ci gaba da sabunta direban. Ta uku, duk manhajar da aka rubuta wa gwamnati da kuɗin jama'a, a karɓi rubutun asalinta tare da bayanin maƙerar da aka fassara ta da ita, a kuma sa wani ma'aikaci ya gwada fassarawa da hannunsa kafin a biya kuɗin ƙarshe. Ba ina cewa gobe da safe a kwashe kwamfutocin sakatariya a sake musu tsari ba. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, a 2017 kuma majalisarsa ta zaɓi komawa Windows, abin da ke nuna cewa sauyin da bai tafi da horar da ma'aikata da goyon bayan shugabanni ba yana iya komawa baya. Jiharmu ta riga da yawa shiga wannan fage tun da ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Abin da ya rage shi ne mu tashi daga koyon amfani da kaya zuwa koyon ƙera su.

Ga ɗalibai kuwa, ina cewa maƙerar da injiniyoyin manyan kamfanonin duniya ke aiki da ita, ita ce dai za ku sauke a tsohuwar kwamfutarku ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. Allon Arduino, wanda aka fara a Italiya a 2005, da GCC ake fassara masa manhaja. Raspberry Pi, wanda ya fito a Ingila a 2012, da Linux yake aiki. Ɗalibi daga Gagarawa ko Sule Tankarkar ya fi injiniyan Turai sanin abin da zafin bazara da ƙurar hunturu ke yi wa na'ura, ya kuma fi shi sanin bukatar manomin riɗi da zoɓo. Yana iya farawa da ƙaramin abu, kamar na'urar da za ta kashe famfo mai hasken rana in tanki ya cika. Hanyar koyo ita ce ta almajirin maƙeri: a fara da zuga, watau karanta direbobin da waɗansu suka rubuta, a fassara su, a ɓata, a gyara, sa'an nan a aika da ƙaramin gyara ga masu kula da Linux, a jure wa gyaran da za su yi wa gyaran. Sai dai a riƙe lissafi da Turanci da kyau, domin bayanan na'urori da Turanci ake rubuta su.

Mu malaman Hausa ma akwai namu nauyin. Kalmomin da na yi amfani da su yau, cibiya da mafassari da maƙera da rubutun asali, shawara ce na kawo. Ya kamata mu zauna da malaman kwamfuta da masu gyara na bakin kasuwa mu tace su, mu rubuta littattafan farko da harshen da yaro ke tunani da shi, kamar yadda magabatanmu suka zauna a Zariya a shekarun 1930 suka daidaita mana rubutun boko.

Kammalawa

Shugaba, na yi ƙoƙarin nuna cewa kowace na'ura tana bukatar direba, kowane direba yana bukatar mafassari, kuma wanda ke riƙe da rubutun asali da maƙera shi ke yanke ranar da na'urar za ta daina aiki. Sikanar nan tawa tana nan har yau, kuma da ita na ɗauki hoton takardun ajami masu yawa da da yanzu sun zama abincin gara. Waɗanda suka rubuta mata direba ba su san Gumel ba, ba su kuma nemi ladan kowa ba. Fatana shi ne a cikin ɗaliban da ke zaune a nan a sami waɗanda za su biya mana wannan bashi, har wata rana wani a wata ƙasa ya jona na'urarsa ta yi aiki saboda rubutun ɗan Maigatari ko 'yar Gumel.

Inda na yi daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, injiniyoyin da ke cikinmu su gyara mini a lokacin tambayoyi.  Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ba mu ilmi mai amfani.